Murabus ɗin Minista a Abuja da Aikin da ke Jiran Majalisarmu a Gusau

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda murabus ɗin tsohon Ministan Ƙirƙira, Kimiyya da Fasaha, Uche Nnaji, ya sake tono mini shi.

Masu karatu sun san labarin. Jaridar Premium Times ta wallafa bincikenta da ke cewa takardar digirin Jami'ar Najeriya ta Nsukka da takardar kammala hidimar ƙasa da ministan ya gabatar lokacin da aka tantance shi a 2023 ba sahihai ba ne, kuma bayan 'yan kwanaki ana ce-ce-ku-ce ya ajiye muƙaminsa ranar 7 ga Oktoba, 2025. Shi dai ya musanta zargin, ya ce aikin abokan hamayya ne, ya kuma ce saukarsa ba amsa laifi ba ce. Ba ni da hurumin yanke masa hukunci, wannan aikin alƙali ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a nan Talata Mafara, a majalisarmu ta hira da muke zama bayan sallar La'asar, inda aka shafe kusan mako biyu ba a da wata magana sai ta wannan minista ɗan jihar Enugu. Kowa ya san shekarar da aka ce ya shiga jami'a, kowa yana da ra'ayi a kan wanda ya tona masa asiri. Rannan sai na tambayi abokan zaman nawa, waɗanda akasarinsu tsofaffin ma'aikata ne masu karanta jarida da sauraron rediyo, ko akwai wanda zai iya faɗa mini ƙudurin doka guda ɗaya da ke gaban Majalisar Dokokin Jihar Zamfara a halin yanzu. Wuri ya yi tsit. Ni ma da na yi tambayar ban fi su ba, domin da an mayar mini da ita da kunya zan sha. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da farko ya kamata mu lura cewa abin da ya faru a Abuja ba baƙo ba ne, kuma ba a Abuja kaɗai yake iya faruwa ba. A watan Satumban 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta yi murabus a kan takardar da ke nuna an ɗauke mata yin hidimar ƙasa, wadda bincike ya nuna ba ta gaskiya ba ce. Ta ce ba ta san haka takardar take ba, kuma daga baya, a 2021, wata Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukuncin cewa tun asali hidimar ƙasar ba ta wajaba a kanta ba. Amma abin da mutane suka manta shi ne, kafin ta zama minista ta yi Kwamishinar Kuɗi a jihar Ogun daga 2011 zuwa 2015, kuma wannan takardar ta ratsa ta gaban majalisar dokokin waccan jiha kafin ta ratsa ta gaban jami'an tsaro na DSS da Majalisar Dattawa. Ke nan ƙofar farko da takardar ta shige ba tare da an tsayar da ita ba, ƙofar majalisar jiha ce, irin wadda muke da ita a Gusau. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar wannan aiki a hannun gwamna shi kaɗai ba. Sashe na 192 ya ce gwamna ne zai zaɓi kwamishinoni, amma naɗin ba ya tabbata sai majalisar jiha ta amince, kamar yadda sashe na 147 ya ɗora wa Majalisar Dattawa alhakin amincewa da ministoci. Abin mamaki ma shi ne kundin bai nemi digiri daga minista ko kwamishina ba, domin sharaɗin karatun da ya gindaya shi ne na wanda zai iya tsayawa takarar majalisa, wato shaidar sakandare ko makamanciyarta. Saboda haka duk wanda ya ɗauko takardar da ba tasa ba ya kai gaban majalisa, ba doka ce ta matsa masa ba, son a kira shi da abin da bai kai ba ne, tare da sakankancewar da yake da ita cewa babu wanda zai duba. Kuma yana da dalilin sakankancewa, domin duk mun ga yadda ake wannan tantancewa a talabijin: a kira mutum, ya karanta tarihin rayuwarsa, wani ɗan majalisa daga yankinsa ya miƙe ya yabe shi, a ce ya rusuna ya wuce. Sau da yawa ma ana aiko sunayen ba tare da an faɗi ma'aikatar da kowa zai riƙe ba, ta yadda ko da akwai ɗan majalisar da ke son yin tambaya, bai san ko a kan asibiti zai yi ta ba ko a kan taki.

Malam Edita, na yi shekara 35 ina koyarwa kafin in yi ritaya, kuma ba zan iya ƙirga sau nawa aka tantance mu ba. A ɗaya daga ciki, wani abokin aikina da muka yi kwalejin horon malamai tare ya yi sawu uku zuwa wani ofishi, yana biyan kuɗin mota daga aljihunsa, albashinsa kuma a tsaye, saboda a wata takarda an rubuta sunansa Muhammadu, a wata kuma Mohammed. Ban ce kada a tantance malamai ba, domin ma'aikatan bogi sun daɗe suna cinye haƙƙin na gaskiya. Abin da nake cewa shi ne, idan malamin firamare mai ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba zai sha wannan bincike, to wanda za a damƙa wa ma'aikata sukutum da biliyoyin naira ya fi cancantar a bincike shi. Majalisar dokokinmu tana da ikon sanya wannan a cikin ƙa'idojin zamanta ba tare da ta jira kowa ba: kada a kira kowane mutum zauren majalisa sai magatakarda ya rubuta wa makarantun da ya ce ya yi da hukumar hidimar ƙasa ta NYSC an samu amsa a rubuce, a wallafa sunaye da takardun aƙalla mako biyu kafin ranar tantancewa domin mai ƙorafi ya kawo, a kuma nemi ɓangaren zartarwa ya haɗa kowane suna da ma'aikatar da ake nufinsa da ita. Kuɗin da wannan zai ci bai wuce na takarda da tambari ba.

Sai dai kafin majalisa ta tantance wani, dole ne ita kanta ta kasance a tsaye da ƙafafunta, kuma a nan ne maganar take da nauyi a bakina. Majalisar Zamfara tana da kujeru 24, wanda shi ne mafi ƙarancin adadin da sashe na 91 ya yarda da shi. A watan Fabrairun 2024 wasu daga cikin 'yan majalisar suka zauna suka ce sun tsige Kakakin Majalisa, Bilyaminu Ismail Moriki, sun naɗa Bashar Aliyu Gummi, suna masu cewa an hana su tattauna matsalar tsaron da ta addabi mazaɓunsu. Shugabancin majalisar ya ce zaman haramtacce ne, ya kuma dakatar da mutum takwas. Daga nan aka shafe fiye da shekara ana jan igiya, ɓangare guda yana zama a zauren majalisa, ɗayan yana nasa zaman daban, har maganar ta kai gaban kwamitin sauraron koke-koken jama'a na Majalisar Wakilai a Abuja a 2025. Ba na cikin masu cewa wancan ɓangare ne mai gaskiya ko wannan. Kundin tsarin mulki ya ce ba a tsige kakaki sai da ƙuri'ar kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa, wato mutum 16 a wurinmu, kuma duk wanda bai tara wannan adadi ba bai tsige kowa ba. Amma haka nan kuma kujerar ɗan majalisa ba ta kakaki ba ce, ba ma ta ɗan majalisar ba ce, ta mutanen da suka tsaya a rana suka zaɓe shi ce. Takwas cikin 24 kashi ɗaya bisa uku ne, wanda ke nufin an yi muhawara an kuma zartar da al'amura, har da kasafin kuɗi, alhali kashi ɗaya bisa uku na mazaɓun jihar ba su da bakin magana a zauren. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta yi magana a kan irin wannan a shari'ar Rifkatu Danna ta majalisar jihar Bauchi, inda ta nuna cewa dakatarwa marar iyaka tauye haƙƙin mazaɓa ce. Minista guda ya sauka a Abuja ƙasa ta ɗauka, mu kuwa an rufe bakin mazaɓu takwas a gida mun wuce kamar ba a yi ba.

Kada wani ya ce mini majalisar jiha ba ta da ƙarfi ko ba ta iya sauri, domin tarihin wannan majalisa da kansa ya ƙaryata hakan. A watan Nuwamban 2019, bayan da wasiƙar tsohon Gwamna Abdul'aziz Yari ta neman a biya shi alawus na naira miliyan 10 a wata ta fito fili, majalisa ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da shugabannin majalisa cikin ƙiftawar ido, Gwamna Bello Matawalle kuma ya sa hannu washegari. Mutane da dama, har da ni, mun yi maraba da sokewar. A ranar 23 ga Fabrairu, 2022, majalisa ta tsige Mataimakin Gwamna Mahdi Aliyu Gusau, kuma kafin rana ta faɗi an amince da Sanata Hassan Nasiha a madadinsa. A watan Yunin wannan shekarar ta 2022 aka sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. Duk waɗannan sun nuna cewa idan abu ya shafi siyasar manya, ko gwamna mai ci yana son sa, majalisa ba ta kwana. Tambayar ita ce me ya sa wannan hanzarin ba ya zuwa idan abin na talaka ne, kuma wa ya taɓa komawa ya bincika mutum nawa aka gurfanar a ƙarƙashin waccan doka ta 2022, da abin da ta canza a Zurmi ko Shinkafi ko Ɗansadau?

Gwamnatin Mai Girma Gwamna Dauda Lawal ta zo da manufofi da ba za a ce ba a gani ba. Ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban 2023, ta bi da ta fannin lafiya a farkon 2024, ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,645 a ƙarshen Janairun 2024, ta kuma shiga biyan bashin garatutin da tsofaffin ma'aikata suka daɗe suna bi, wanda ni shaida ne a kan yadda ya share hawayen gidaje da yawa. To amma duk abin da ya tsaya a kan sanarwar gwamna ko kyakkyawar niyyarsa, ranar da ya bar kujera yana iya tafiya da shi, kamar yadda muka sha gani tun daga 1999. Aikin majalisa ne ta mayar da manufa doka, ta ware mata kuɗi, sannan ta bi sawun kuɗin. Idan da gaske ake dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya kamata a ce akwai dokar da ta ƙayyade kason da ba za a gaza ba a kasafin kowace shekara, da wa'adin biyan kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, domin kada a sake komawa zamanin da ake riƙe sakamakon 'ya'yanmu saboda bashi. Askarawa kuma, waɗanda 'ya'yanmu ne da ke fuskantar harsashi a madadinmu, suna buƙatar majalisar da za ta riƙa kiran shugabanninsu lokaci-lokaci ta ji yadda ake biyan su, da abin da ake yi wa iyalan waɗanda suka rasu, da kuma inda mutumin ƙauye, Bahaushe ko Bafulatani, zai kai kuka idan aka zalunce shi da sunan tsaro. Duk wanda ya san yadda rikicin 'yan sa-kai ya ƙara rura wutar nan a shekarun baya ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A kan kuɗi kuwa, abin da ke shigowa jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kasafin jiharmu na 2024 ya haura naira biliyan 400, na 2025 ya haura biliyan 500. Sashe na 125 ya wajabta wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta-Janar, ya kuma wajabta wa majalisa ta miƙa rahoton ga kwamitinta na asusun gwamnati ya duba. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da ikon kiran kowa ya zo ya yi bayani. Wannan rahoto shi ne madubin da ke nuna inda aka ce an gina aji ba a gina ba, da inda aka fitar da kuɗi babu takardar shaida, kuma a ganina zaman da kwamitin zai yi a kansa ya kamata ya zama a bainar jama'a, a gaban 'yan jarida, a kuma fassara taƙaitaccensa da Hausa a karanta a gidan rediyon jiha. Badaƙalar da ke cin muƙamin minista ba a rana ɗaya take girma ba, daga ƙananan abubuwan da aka gani aka kau da kai take tasowa.

Akwai abu biyu da na daɗe ina jiran in ji majalisa ta ɗauka da muhimmanci. Na farko shi ne halin waɗanda rikici ya ɗaiɗaita. Kwamitin da tsohon Sufeto-Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa daga 2011 zuwa 2019 kusan mata 5,000 sun rasa mazajensu, yara sama da 25,000 sun zama marayu, mutane fiye da 190,000 sun bar gidajensu. Wannan lissafin shekarun baya ne, kuma duk mai zuwa Gusau yana ganin matan da ke bara a bakin titi da goyo a baya ya san adadin bai tsaya nan ba. Rabon shinkafa lokacin azumi sadaka ce, Allah Ya ba da lada, amma abin da waɗannan bayin Allah suke buƙata shi ne doka da za ta kafa rajistarsu, ta ba su haƙƙi sananne a kan karatun 'ya'yansu da magani, ta kuma kare musu gonakinsu kada su koma su tarar wani ya mallake. Jihar da ta riga kowa kafa hukumar zakka da waƙafi ba ta rasa tubalin da za ta ɗora wannan a kai ba. Na biyu shi ne haƙar ma'adinai. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage haramcin a Disamban 2024. Gaskiya ne ba da lasisin haƙa ikon tarayya ne, amma ƙasa tana hannun gwamna a ƙarƙashin dokar amfani da filaye ta 1978, lafiyar jama'a da tsabtar muhalli kuma majalisar jiha tana da ta cewa a kansu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a 2010 a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara kusan 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, bai kamata mu jira a sake haƙa ƙananan kaburbura kafin mu yi dokar da ta hana sarrafa dutse a cikin gari ba.

Sauran batutuwa suna nan jibge. Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon yin doka a kan wutar lantarki, wasu jihohi har sun kafa hukumominsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi yana buƙatar a sake duba dokokinmu da suka shafi ƙananan hukumomi 14 da asusun haɗin gwiwa. Maganar 'yan sandan jiha kuma, duk ranar da ta zo, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, kuma ya kamata wakilanmu su ji ta bakinmu tun kafin su ɗaga hannu.

Saboda haka roƙona ga Mai Girma Kakakin Majalisa da sauran 'yan majalisarmu masu daraja, na kowane ɓangare, shi ne su fitar da jadawalin aikinsu a rubuce, da Hausa da Turanci: ƙudurorin da ke gabansu, wanda ya kawo kowanne, matakin da ya kai, da ranar da za a saurari ra'ayin jama'a a kansa. Sashe na 104 ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, to a haɗa mana da adadin kwanakin da aka zauna da sunayen waɗanda suka halarta. Dattawan jihar da iyayenmu sarakuna kuma su sa baki a tabbatar kowace mazaɓa tana da wakilinta a zaune kafin a taɓa kasafin kuɗi mai zuwa, kuma a saurari jama'a a kansa a kowace shiyya ta sanata, a Gusau da Ƙaura Namoda da nan Talata Mafara, ba a ɗakin taron otal kaɗai ba.

Kai kuma Malam Edita, ina da ƙorafi a kanka kaɗan, kuma na san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Takardun ministan nan sun wuce ta gaban jami'an tsaro da sanatoci, ɗan jarida ne ya tsaya ya rubuta wasiƙa zuwa jami'a ya jira amsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa ta shafi jihohi. Ina roƙon ka tura wakilinka na Gusau ya nemi jerin ƙudurorin da ke gaban majalisa da rahoton mai binciken kuɗi na baya-bayan nan, ka ware ko da rabin shafi ne a kowane wata ka buga mana abin da ya samo. Idan ka buga, ni zan ɗauki jaridar da hannuna in kai majalisarmu ta bayan La'asar in karanta musu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.